Tsatsar da na goge da hannuna

Ƙarshen wannan wata zan bar wurin gyaran jiragen ruwan da na yi shekara 4 ina aiki. Na fara tattara kayana, kuma a ƙasan akwatin sifanu akwai wani guntun ƙarfe da bai kai tsawon tafin hannu ba. Ba zan bar shi a nan ba, kuma saboda shi nake wannan rubutu.

Jirgin da guntun ya fito daga jikinsa na faiba ne, ƙirar 1981, mita 12, irin mai tafiya da iska. Wani mutum da matarsa ne suka sayar da gidansu suka saye shi, suka tare a ciki, da niyyar tsallaka Tekun Atlantika daga Las Palmas, a tsibiran Canary, zuwa Karibiyan. Tafiya ce ta kusan mil 2,700 na teku, wajen mako uku ba ka ganin ƙasa. Jirage kan tashi ne a ƙarshen Nuwamba idan lokacin guguwa ya ƙare, don haka ranar gama aiki a tsaye take tun farko. Wata 14 na yi a kan jirgin nan, suna kwana a ciki ina aiki a kansu, har suka daina ganina a matsayin baƙo.

A wata na biyar na cire katakon da ke bayan kujerar falo don in ja sabuwar waya. Nan na ga ƙarfen riƙo, wato shafaffen ƙarfen da ake ɗaure wa jikin jirgi da noti, ya huda rufi ya fita waje, igiyar ƙarfe mai riƙe jigo, wato dogon sandan da ke tsaye a kan jirgi, ta kama shi. Daga inda ya shiga rufin wani siririn layi ya gangaro, ruwan kasa-kasa, kamar sawun hawaye a fuskar yaro. Na sa yatsa na shafa, ya bar mini launi. Katakon da ke kewaye ya yi duhu, da na danna da farce sai ya lotsa.

Duk wanda ya daɗe a wannan aiki ya san abin da wannan ke nufi. Ƙarfen riƙon irin wanda muke kira ƙarfe mara tsatsa ne, yana kuma kare kansa ne da wata 'yar fata da kuromiyam ɗin cikinsa ke yi idan ya haɗu da iskar oksijin. A sarari, ko an ƙarce fatar, sai ta sake fitowa. Amma a cikin kaurin rufi, inda ruwan gishiri ya shiga ya kwanta kuma iska ba ta isa, fatar ba ta dawowa, ƙarfen sai ya riƙa cin kansa. Sama yana ƙyalli, ƙasa yana ƙyalli, santimita uku na tsakiya da ba ka gani su ne suka lalace. Ruwa ba ya tsami banza, na kuwa san haka a ranar.

Na je na samu oga. Na ce, "Oga, ƙarfen riƙo na hagu yana zubar da tsatsa. Ina ganin mu cire su duka shida mu gwada."

Bai ko ɗago daga takardunsa ba. Ya ce cire su zai ci mako uku, sai an ɓalle kabad, sai an sassauta jigo, kuma ba a sa shi cikin lissafin aikin ba. "Goge shi, ka sa sabon gam ta sama, ka rufe. Na yi shekara 30 ina ganin irin wannan." Da na sake buɗe baki, sai ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Na koma na ɗauki samfefa da man goge ƙarfe. Na goge layin nan har ya ɓace, na cika gam ta sama, na mayar da katako na ɗaure. Da yamma matar ta tambaye ni ko na ga wani abu a baya, na ce mata ba komai, wayar ce kawai. Wannan amsar ita ce ta fi damuna har yau, fiye da gugar. A watan da ya biyo muka sa wa jirgin sababbin igiyoyin ƙarfe gaba ɗaya, masu kaurin milimita 8, domin kamfanonin inshora kan so a sauya su bayan kamar shekara 10. Muka ɗaura sabuwar igiya a kan ƙarfen da ya shekara fiye da 40 a cikin rufi.

Ranar gwaji ina cikin jirgin. Iska ba ta yi yawa ba, irin wadda ake so ce. Mun buɗe filafili duka, wato manyan ƙyallayen da iska ke turawa, jirgin ya karkata, mijin yana dariya a kan sitiyari. Sai muka ji ƙara kamar an harba bindiga. Igiyar hagu ta tashi sama da guntun ƙarfe a bakinta, jigon ya lanƙwashe a tsakiya, ya karye, ya faɗa ruwa ta ɗaya gefen da filafili da komai. Matar tana zaune bai fi mita ɗaya ba daga inda ya daki gefen jirgi. Mun fi awa biyu muna yankan waya da zare kusoshi, karyayyen jigon yana dukan jikin jirgi duk lokacin da ruwa ya ɗaga mu. Muna ganin gaɓa, kuma injin ya kawo mu gida. Da a tsakiyar teku ne da dare, mutum biyu kaɗai, Allah ne kawai ya san yadda za ta ƙare.

Na ɗauki guntun na duba bakin karayar. Kashi biyu cikin uku baƙi ne, ya yi ramuka kamar soso, tsohon tsagu ne na shekaru. Ɗan gefen da ya rage ne kawai yake fari, yana ƙyalli. Wannan ɗan gefen ne ya riƙe jigo mai tsawon mita 16.

Washegari oga ya tsaya gaban masu jirgi, ina wurin, ya ce ya umarce ni in duba ƙarafan kuma na dawo na ce lafiya lau. Na yi shiru. Ba ni da takarda, ba ni da hoto, shaidar ma ni na goge ta. Mijin ya dube ni sau ɗaya ya kawar da kai. An yanke mini albashi, aka daina ba ni aikin jigo kusan shekara guda. Ban taɓa musun nawa laifin ba: na gani, na gane, na rufe. Amma wanda ya ce in rufe yana nan a kujerarsa, har yau bai ce da ni uffan ba a kan maganar, kuma shi ne yake gaya wa sababbin yara cewa gaggawa ba ta da amfani a gyaran jirgi.

Sauran biyar ɗin ni na cire su, bayan tashi daga aiki, ba wanda ya sa ni. Na fesa musu jan ruwan gwaji, na goge, na fesa farin, na jira. Huɗu suka fitar da jan zare, alamar tsagu, a daidai inda rufi yake kama su. Na kai wa matar su a cikin bokiti, na gaya mata gaskiyar abin da ya faru tun daga ranar da ta tambaye ni. Ba ta ce komai ba na ɗan lokaci, sannan ta ce in yi musu sababbi. Na yanka su daga ƙarfe mara tsatsa mai lamba 316, na goge su har ina ganin fuskata, domin sumul ɗin fuska ba ya ba gishiri wurin maƙalewa. Na ƙwaƙule ruɓaɓɓen katakon balsa da ke cikin rufi har na kai ga busasshe, na cika da ifoksi, wato gam mai haɗi biyu da ke daskarewa da ƙarfi, na sake huda ramin. Sabon jigo ya ɗauki watanni kafin ya iso. Lokacin tafiya ya wuce su, suka ƙara shekara guda a ɗaure a gaɓa da kuɗin da suka tara don teku.

Sauran abubuwan da na koya ba su da tsawo. Famfon da ke huda ƙasan jirgi, ka ƙarce shi da wuƙa, idan ya nuna ja-ja to tutiyar cikinsa ta zube, ka cire kawai. Rami mai faɗin milimita 38 a ƙarƙashin ruwa yana shigo da fiye da lita 100 a minti ɗaya, don haka ka ɗaure toshiyar katako kusa da kowane famfo. Ifoksi da awo ake haɗa shi, ido ba ya yi. Ka ƙwanƙwasa rufi da ƙaramar guduma taku-taku, inda sauti ya mutu ruwa ya shiga. Abin da ka gani kuwa, ka ɗauki hotonsa, ka rubuta da kwanan wata, ka aika wa mai jirgi da kanka, ko da wanda ke sama da kai zai ɓata rai.

Sun tsallaka a shekarar da ta biyo, kwana 21. Hoton da suka aiko mini daga can na ƙarfen riƙo ne na hagu, an ɗauka ta cikin falo, a bushe. Yanzu haka akwai jirage biyu a filinmu da na ga irin wannan layin a bayan kabad ɗinsu. Jiya na aika wa masu su hotuna, na kuma ajiye wa oga kwafi a kan teburinsa.