Darasin Sansar Oksijin da Na Fita da Shi Daga Gareji

Yanzu da na tattara sifanonina na bar garejin da na koyi gyaran wutar mota, zan iya faɗin abin da na daɗe ina haɗiyewa ba tare da an ce yaro ya raina maigidansa ba. Ƙa'idar maigida ita ce, da zarar kwamfutar binciken mota ta fitar da lambar matsala tsakanin P0130 da P0141, ko ma P0171, a kwance sansar oksijin, wato na'urar da ke auna oksijin a cikin hayaƙin mota, a ɗaura sabuwa.

Wata mota ta zo da P0171, lambar da ke nuna iska ta fi mai yawa a cikin injin, amma filoginta baƙi ƙirin, mai ita kuma yana kukan shan mai. Na ce, "Maigida, da za a bari in gwada ta tukuna." Ya ce, "Kai ka fi kwamfutar sani ne?" Aka canja, motar ta dawo da ciwonta, kuma a gaban mai ita ya ce ni ne ban iya ɗauri ba, sannan ya cire kuɗin sansar daga sallamata. Ban ce uffan ba, amma bayan an tashi na mayar da tsohuwar na sa mata mitar auna wuta.

Sansar da ke gaban matatar hayaƙi (catalytic converter) ba ta fara aiki sai ta kai zafin digiri 300 na ma'aunin Celsius ko fiye, shi ya sa na bari injin ya ɗumama sosai. Irin wadda aka yi da sinadarin zirkoniya tana kai-komo ne tsakanin volt 0.1 da 0.9, kimanin sau ɗaya a daƙiƙa, yayin da kwamfutar motar ke ƙoƙarin tsayar da gauraye a kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur. Da na taka totur farat ɗaya, karatun ya haura 0.8 nan take, da na zare tiyon iska kuma ya faɗi ƙasa, wanda matacciyar sansa ba za ta yi ba. Ashe gasket ɗin salansa ne ya tsage gabanin inda take zaune, iskar waje tana shiga, ita kuma tana ba da rahoton abin da ta gani, kwamfuta tana ta ƙara mai a banza. Na canja gasket, fitilar gargaɗin injin ba ta sake kamawa ba. Kuɗina dai bai dawo ba, kuma maganar ba ta sake fitowa daga bakin maigida ba.

Tun daga nan na daina ɗaukar lamba a matsayin hukunci, domin iyakarta ta nuna layin da za a bincika. P0135, alal misali, maganar hitar cikin sansar take yi, kuma sau da yawa fis ne ya ƙone ko waya ta taɓa salansa ta narke. Idan sansa ta mutu da gaske, kanta ake dubawa: farin gari yana nuni da gam mai silikon ko ruwan lagireto da ke shiga injin, toka mai kauri kuma baƙin mai ne ke ƙonewa, kuma duk wanda bai gyara wannan ba sabuwar ma zai kashe.

Sauran ba su da tsawo. Wadda ke bayan matatar hayaƙi bai kamata ta riƙa kai-komo irin na ta gaba ba. Sansar zamani da ke auna gauraye kai tsaye ba ta lilo tsakanin 0.1 da 0.9, kada a yanke mata hukunci da wannan ma'aunin. Ba a zuba giris a cikin mahaɗar wayarta, a kwance ta da soket mai tsaga na milimita 22 injin yana da ɗumi, a shafa maganin kamewa a kan zaren ɗaurinta kaɗai. Yaran da na bari a garejin na nuna musu duk wannan, ko za a bar su su taɓa mita kafin a aike su sayen sabuwa, wannan kuma ya rage ga maigida.