Keta: Teku a Gaba, Tabki a Baya

Wanda ya bi hanyar Akara zuwa Aflao, idan ya karya kwana a Dabala ya yi kudu, zai faɗa wata ƙasa da ban san irinta ba a duk Gana. Wani siririn tudun rairayi ne ya miƙe daga bakin Kogin Volta ya yi gabas wajen iyakar Togo. Kudu da shi teku, arewa da shi Tabkin Keta, wanda babu tabkin bakin teku da ya kai shi girma a ƙasar. A kan wannan tudu garuruwan Anlo, wani reshe na ƙabilar Ewe, suka jeru: Anloga, Woe, Tegbi, Keta, Kedzi. Akwai inda za ka tsaya kan kwalta ka ga ruwa hagu da dama, kuma duk biyun na gishiri ne.

Abin da ya fi riƙe min hankali a can noma ne, ko da yake an fi sanin wurin da kamun kifi. Ruwan sama yakan nutse cikin rairayin ya taru a ƙarƙashi, ya zauna a kan ruwan gishiri saboda ya fi shi rashin nauyi. Wannan ɗan ruwan daɗi manoman Anloga ke haƙa gajerun rijiyoyi su ɗebo. Rairayi ba ya riƙe abinci, don haka sai an yi ta zuba taki, kashin shanu da na kaji, kafin fangali ya yi baƙi. A nan suke shuka 'yar ƙaramar albasar nan ja da ake kaiwa kasuwannin Akara, su girbe fiye da sau ɗaya a shekara, su bi bayanta da kuɓewa da barkono da tumatir. Aikin yana son lissafi: ka zurfafa rijiya ko ka matsa wa famfo, gishiri ya hauro, gonar ta mutu. Na ga manoma da dama a rayuwata, amma waɗannan sun cancanci a cire musu hula.

A bakin teku kuwa taru ake ja. Kwalekwale ya kai shi ciki ya zagayo, maza su yi layi biyu a kan igiya suna ja suna waƙa, mata na jira da kwanoni. Ƙananan kifaye ake shanyawa ko a yi banda da itacen da ake sarowa daga fadamun Anyanui. Idan rani ya yi tsanani gefen tabki ya ƙafe, sai a kwashi gishiri.

Keta ta taɓa zama babbar tashar ciniki. Turawan Danmak sun gina ganuwar Prinzenstein a 1784, inda aka riƙa tsare bayi kafin a haye da su. Yau rabin ginin yana cikin teku, haka ma tsoffin tituna da shaguna da gidajen garin. Da aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Tema a 1962, ciniki ya koma can.

Mutane kan ce teku ne ya yi fushi. Gaskiya ne zaizaya ta fara tun kafin 'yancin kai, amma hannun ɗan Adam ya ƙara mata gudu. Wannan tudu Kogin Volta ne ya gina shi da rairayin da yake kwasowa daga arewa, igiyar teku kuma tana tura shi gabas. Da aka kammala madatsar Akosombo a kan kogin a 1965, rairayin ya riƙa kwanciya a bayanta. Igiya ba ta daina ɗiba ba, kogi kuma ya daina kawowa. Wutar lantarkin ta haska Akara da Tema da masana'antunsu, kuɗin kuwa mutumin Kedzi ne ya biya da ɗakinsa da kabarin kakansa. Wannan rabon yana damuna ƙwarai.

Gwamnati ta yi aikin kare gaɓar Keta, aka kammala a 2004: an jibge duwatsu, an miƙa katangun dutse cikin ruwa don su tare rairayi, an sake gina hanyar Keta zuwa Havedzi, an cike fili don masu sake gini. Aikin ya ceci garin, babu musu. Sai dai rairayin da katanga ta tare a nan, shi ne wanda da zai isa ƙauyukan gabas. Matsalar sai ta matsa gaba, aka bi ta da duwatsu zuwa Blekusu, ta sake matsawa Agavedzi da Salakope. A watan Nuwamba na 2021 igiyar ruwa ta shiga gidaje a wannan gaɓa ta raba dubban mutane da muhallinsu. Can yamma kuma, kusa da bakin kogi, ƙauyen Fuveme ya kusa ƙarewa.

Ni a ganina, muddin kowace gunduma tana roƙon nata duwatsun ita kaɗai, maƙwabciyarta ta gabas ce za ta sha wuya. Gaɓar daga Ada, a bakin Kogin Volta, har Aflao abu ɗaya ce, kuma sai an yi mata shiri ɗaya wanda ya haɗa da mayar da rairayi inda ya zaizaye, da hana masu tifa kwasarsa don gini.