TARIHIN RAYUWATA, KASHI NA 9: Firizar da na dawo da ita gida

Assalamu alaikum. Makon jiya na tsaya ne a inda motar kaya ta sauke ni ƙofar gidanmu a Ƙofar Marusa, ni da ɗiyata da ƴar takardar da na cusa can ƙasan jaka na kasa sake buɗewa. To bari mu ɗora daga nan.

Kayan ɗakina ba su daɗe a tare ba, gado aka jingine a ɗakin Auta, kujeru aka kai gidan Goggo dan babu wurin sa su, kwanuka Inna ta jera a ƙarƙashin gadonta ba ta ce mini komai ba, dama ni ɗiyar fari ce ko sunana ba ta faɗa, sai dai "ke" ko "waccan". Abu ɗaya ne ya ƙi shiga ko'ina, firiza. Irin doguwar nan ce mai murfi a sama, aka tura ta rumfar tsakar gida aka rufa mata tsohon zani, a hankali ta zama teburi, a kanta ake kifa kwano, a kanta kaji ke kwana. Wata ukku na iddata ban taɓa kallonta na ji komai ba sai baƙin ciki, dan duk sanda na gan ta sai na tuna kicin ɗin da na baro.

Aka ɗauki azumi ranar Asabar 2 ga Afrilu, 2022. Ku da kuka yi wannan azumin a Katsina kun san abin da nake nufi, zafi ya haura digiri 40, ruwan randa kanshi ɗumi yake yi kaman an ɗora shi a wuta, da daddare kowa ya jawo tabarma tsakar gida amma ƙasar ma huci take. Ranar farko Baba ya aiki Auta sayo ƙanƙara, lokacin Auta yana gida zaune saboda yajin aikin malaman jami'a da aka fara tun 14 ga Fabrairu, yaron nan ya fita tun bayan la'asar bai dawo ba sai ana kiran magariba, da wani ɗan guntu a leda rabi ya narke a hanya, wai layi ya tarar. Kaka tana zaune bakin ɗakinta da carbi ta kalli guntun ta kalli firizar sannan ta kalle ni tace "kishiya, mi amfanin saniyar da ba a tatsa? ga abu nan kwance kaji na mai kashi ana zuwa bin layi." Kowa yayi dariya har Baba, ni ce dai ban yi ba. Amma da dare na kasa barci.

Da safe na wanke ta tas da omo da ruwan ɗumi, Auta ya jawo waya daga ɗakin Baba, da aka kawo wuta muka ji ta ɗauka da wannan gurnanin nata, wallahi sai da gabana ya faɗi kaman an kira sunana. Niyyata ruwa kawai zan ƙulla a leda mu sha a gida. Inna ce ta shigo ɗaki na idar da sallar walha ta ajiye dubu ukku a gefen darduma, kuɗin adashenta, tana kallon bango tace "a sayo zoɓo da siga", ta fita abinta. Iyakar maganar da muka yi kenan a kan jari har yau.

Zubin farko kam abin kunya ne. Na dafa zoɓo na jefa kanwa kaman yadda na ga ana yi dan a kashe tsami, sai ya tashi daga ja ya koma wani baƙi baƙi kaman ruwan rini, na zabga siga da yawa wai dan yara su so, na cika ledojin dam na ƙulle. Washegari rabi sun fashe sun ɓata ƙasan firizar, sauran kuma sun ƙi daskarewa, sai wani lugub lugub kaman kunu. Auta da yake kimiyya yake karanta shi ya warware mini, yace ruwa in zai zama ƙanƙara kumbura yake yi, kusan kashi 1 cikin 10 yake ƙaruwa, dole a bar masa wuri a leda, siga kuma in ta yi yawa hana ruwa daskarewa take sai sanyin ya kai ƙasa sosai, mu da wutar ma ba ta zama ina za mu samu wannan sanyin. Nace to malam sai a rage, na rage, sai kuma ya fito salam ba daɗi, dan abu in yayi sanyi sosai harshe baya jin zaƙinsa kaman yadda yake ji da ɗumi. Kenan sai ka sa zaƙin ya ɗan fi wanda za ka sha a kofi amma kar ya zarce. Kwana huɗu ina wannan awon kuma ina azumi ba damar ɗanɗanawa, ɗiyata mai shekara biyar ita ce ma'aunina, in ta yamutsa fuska a ƙara, in ta miƙo kofi a ƙara mata to ya yi.

Bari na faɗa muku yadda na koma yi, dan har yau ban canza ba. Zoɓo nake wankewa sau biyu saboda yashi, na tafasa ruwa da ɗanyar citta da na daddaka da kanumfari ƙwaya kaɗan, kanumfari in ya yi yawa daskarar da harshe yake, in ya tafaso sai na zuba zoɓon na barshi minti kaman goma na sauke. Na daina sa kanwa gaba ɗaya, lemun tsami ma nake matsawa kaɗan dan shi ke fito da jan nan mai kyau da yaro zai hango daga nesa. Na'a-na'a kuwa ba a dafa ta, na yi wannan kuskuren sau ɗaya ta yi baƙi ta kawo ɗaci, sai an sauke tukunya ake jefa ganyen a rufe a barshi ya jiƙu, in ya huce a tace da kyalle mai tsabta. Kuma ba a sa abu da zafinsa a firiza, narkar da na ciki zai yi.

Tsamiya ita ta fi sauƙi kuma manya sun fi sonta, a jiƙa da ruwan zafi a dama a tace, citta, ɗan masoro, siga, shikenan lamurje ne aka daskarar. Mangwaro kuma lokacinsa ne ya cika gari, amma ba kowanne ba, mai zaren nan sai kin tace da rariya ki sake tacewa in ba haka ba yara su yi ta ciro zare a haƙori suna zaginki, ni binta siga na fi so dan da zaƙinta take zuwa sigar da zan sa kaɗan ce. Kankana ta ba ni wahala, irin ta noman rani da ake kawowa daga lambunan wajen Ajiwa, ga ja ga arha, amma in ka markaɗa ka ajiye sai ta rabu biyu, ruwa a gefe tsoka a gefe, in ta daskare sama fari ƙasa ja. Dabarar ita ce a sanyaya ta tukunna, a girgiza kowace leda kafin a kwantar, a jera su a jikin bangon firizar inda sanyi ya fi kamawa da sauri, da ɗan lemun tsami da na'a-na'a dan ita kaɗai ba ta da wani armashi in ta yi ƙanƙara. Abarba da madara kuwa kar ki soma in ba ki dafa abarbar ba, ɗaci take komawa, na zubar da roba guda da hannuna.

Wadda ta fito da ni kuma ba tawa ba ce, ta Kaka ce. Ita mutuniyar ƙasar Daura ce, can goruba kaman ƙasa, tace "ku yaran yanzu komi sai na kanti, a samo mini goruba." Aka samo, ta sa aka daka a turmi aka ɓare ɓawon da tsokar aka yar da ƙwallon, aka jiƙa tun dare, da safe ruwan ya yi kalar shayi ga wani ƙamshi kaman na alkaki, muka tace muka sa citta da siga ƴar kaɗan. Ni dai ban yi zaton za a saya ba gaskiya. Auta ya ɗauki kula ya zauna gefen masallacin unguwa bayan an tashi tafsiri, dattawan nan da suka ji ance ta goruba ce sai ga su suna saye biyar biyar, wai rabonsu da ita tun suna yara. Ɗiyata kuwa ta so ta bi shi na hana, na riga na yi wa kaina alkawari ba za ta ɗauki talla ba ko da me za a yi.

Abu ɗaya da ban yi wasa da shi ba shine ruwa. Shekarar da ta wuce, 2021, amai da gudawa ta yi ɓarna a Arewa har da nan Katsina, kuma sanyi baya kashe ƙwayar cuta, ajiye ta kawai yake. Duk ruwan da zai shiga leda sai na tafasa shi, har wanda zan markaɗa mangwaro da shi, ice ya ƙare gawayi ya ƙare Inna tana ta kallon buhu tana shiru. Kuma ba na hura leda da baki in zan buɗe, mazurari nake sawa, na ga masu yi da baki kuma ni dai raina baya so.

Ana cikin haka ranar Juma'a azumi na bakwai, 8 ga Afrilu, dab da magariba wuta ta ɗauke. Mun saba, ba wanda ya damu, sai da Auta ya duba waya yace ai ba unguwarmu ba ce kawai, babban layin wutar ƙasa ne gaba ɗaya ya faɗi, kaman yadda ya yi sau biyu a watan Maris. Ni kuma ranar na zuba duk abin da na mallaka, uwa da riba, leda ta fi ɗari biyu, wasu sun kama wasu ko sanyi ba su gama yi ba. Janareta babu, in ma akwai man fa, lokacin layin gidan mai sai ka wuni. Muka lulluɓe firizar da barguna biyu da katifar Auta, nace duk wanda ya ɗaga murfin nan ni da shi ne, dan duk buɗewa ɗaya sanyi ne ke fita. Da asuba bayan sahur ya hau keke ya samo bulo ɗaya na ƙanƙara wajen masu kifi da tsadar tsiya, ya farfasa a kula ya barbaɗa gishiri, nace kai lafiyarka gishiri ai narkar da ita zai yi, yace eh Yaya zai narke amma ruwan gishirin sai ya fi ƙanƙarar sanyi, ki bari ki gani. Muka tsoma na zoɓo da tsamiya da goruba a ciki, kuma wallahi suka riƙe har la'asar aka sayar.

Na mangwaro da wanda na sa wa madara ne suka saki, suka yi ɗumi, da na buɗe ɗaya na ji ya fara wani tsami tsami. Wata maƙwabciyarmu da ta shigo tace ke dai ki bari a kawo wuta ki mayar su daskare waye zai sani. Na tsaya da leda a hannu ina lissafi, leda sittin da wani abu, kuɗin sigar gobe kenan, kuma gaskiya ba zan ɓoye muku ba na yi tunanin yin hakan, har na mayar da su ciki na rufe. Sai ga ɗiyata ta zo tana jan zanina wai a bata na mangwaro, na ji bakina yace a'a wannan ba na sha ba ne. Na kwashe su na kai bayan gida na farfasa a kwata ina kuka kaman wata yarinya, Kaka tana daga ɗaki tana cewa "yi kukanki kishiya, na miji ma kin yi ya wuce balle na mangwaro."

Daga ranar na koyi jera gorunan ruwa a ƙasan firizar su daskare su zama ajiyar sanyi, na koyi tashi ko ƙarfe biyun dare ne in an kawo wuta na zuba sabon zubi, na daina sa duka jarina a rana ɗaya. Goman ƙarshe har ƴan tahajjud ke aiko yara. Ana saura kwana ukku Sallah, wadda aka yi ranar Litinin 2 ga Mayu, na ƙirga abin da ke cikin gwangwanin madarar da nake tarawa, na cire dubu ukkun Inna na sa mata ƙarƙashin filo ban ce komai ba ita ma ba ta ce ba, na sa hijabi na kama hannun ɗiyata muka hau Napep zuwa babbar kasuwa. Fitata ta farko kenan da ba asibiti ba tun da na dawo. Ta zaɓi wani takalmi ja mai walƙiya wanda ni a ido na bai yi ba sam, na taya aka rage kaɗan na biya, ta ƙi yarda a sa a leda, a ƙirji ta rungumo shi har gida.

Muna shiga zaure na ga baƙon takalmi a bakin ɗakin Baba, Auta ya tare ni fuskarsa ba daɗi yace Yaya ɗan aike ne daga can gidan, wai an ji labarin kina sana'a, wai a faɗa wa Baba firizar nan da kuɗin wa aka saye ta.

Mu haɗu mako mai zuwa in Allah ya kai mu.