Abin da katakon gida ya koya mini kafin ranar gasa

A wajen gasar aikin katako, alƙalin da ya san aikinsa ba ya ɓata lokaci kan ƙyallin saman tebur. Durƙusawa yake yi ya leƙa ƙarƙashi, ya ja durowa ya mayar, ya shafa bayan kujera inda mai aikin ya ɗauka ba wanda zai duba. In kuwa gasar ta katakon gida ce, wadda aka shirya don a nuna za a iya cin moriyar itatuwanmu ba tare da an ƙarar da su ba, akwai tambayar da ke gaba da komai: ina aka samo itacen? Babban darasin da na ɗauka a wannan aiki shi ne, asalin itace da yadda aka busar da shi su ke yanke hukunci tun kafin zarto ya taɓa katako.

Tambayar asali tana da dalili. Madobiya, wadda 'yan katako a Taraba ke kira madrid, an yi mata sara na fitar hankali ana lodawa zuwa ƙasar Sin, har a 2016 aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa wa ido a cinikin ƙasa da ƙasa. A taron Panama na 2022 maɗaci da kawo su ma suka shiga jerin. Dokar ta shafi fitar da gungume da katako zuwa ƙetare ne, ba ta hana kafinta ya yi kujera a garinsu ba, amma ta isa ta nuna mana halin da waɗannan itatuwa ke ciki. Madobiyar da aka sare, makiyayi ya rasa ganyen da yake ba dabbobinsa da rani. Saboda haka katakon da ya dace da irin wannan gasa shi ne na itacen da iskar farkon damina ta kayar, ko wanda aikin hanya ya tumɓuke, ko tsohuwar ƙofa da ginshiƙin gidan da aka rushe, ko rassan da manomi ya rage a gonarsa. Manoman Maraɗi da Damagaram sun nuna da sassabin zamani cewa kututture ɗaya, in an bar masa tofo biyu ko uku ana gyarawa, zai yi ta ba da itace shekara da shekaru. A nemi takarda daga malamin daji ko shaidar mai gona, a ɗauki hoton itacen a inda ya faɗi. Tsohon katako kuma a bi shi da maganaɗisu kafin ya hau inji, don ƙusa ɗaya da ta ɓuya tana iya karya haƙoran zarto.

Gungumen da ya faɗi ba a barinsa a ƙasa. Makonni kaɗan sun isa gara ta shiga, farin gefen da ke bayan ɓawo ya yi baƙi-baƙi. A ɗaga shi, a shafe bakinsa biyu da fenti mai kauri ko narkakken kakin zuma a ranar da aka yanke shi, domin ruwa ya fi saurin fita ta baki fiye da ta jiki, kuma wannan gaggawar ce ke tsaga shi. Wajen tsagawa a cire tsakiyar cibiyar itacen gaba ɗaya. Duk katakon da aka bar wa cibiya sai ya dare, komai lallaɓawa.

Busarwa ita ce inda aka fi yin asara, kuma a nan Arewa matsalarmu ba irin ta Kudu ba ce. Katako yana shan laima daga iska yana kuma mayarwa har abada. A tsakiyar hunturu, lokacin da laimar iska ke sauka zuwa kashi 20 cikin ɗari ko ƙasa da haka, ruwan da ke jikin katako yakan koma wajen kashi 4 zuwa 5. A watan Agusta kuwa, in laima ta kai kashi 80, sai ya hau zuwa wajen kashi 16. Katakon da ya taso daga Kudu a mota, ko da mai sayarwa ya rantse busasshe ne, bai bushe da ma'aunin Kano ko Katsina ba.

Jera katako yana da ƙa'ida. A ɗaga shi kamu biyu daga ƙasa a kan bulo, a ƙarƙashin rumfa inda iska ke ratsawa amma rana ba ta dukansa. Tsakanin kowane layi a sa siraran sanduna busassu masu kaurin santimita 2, tazarar santimita 40 zuwa 50, kuma kowace sanda ta zauna daidai kan ta ƙasanta. In suka saɓa, nauyin sama zai lanƙwasa katakon ƙasa, ya bushe a karkace, ba kuma mai miƙar da shi. A ɗora nauyi a can sama. Ɗanyen katako da aka tsaga cikin hunturu sai an kare shi da tabarma ta gefen da iska ke bugowa, in ba haka ba fatarsa ta bushe cikinsa na jiƙe, sai ka ga ƙananan tsaga sun bazu a fuska kamar kaushin ƙafa.

Wanda ba shi da na'urar auna laima yana iya amfani da sikeli. A yanko ɗan guntu daga tsakiyar katako, ba daga baki ba, a auna. A sa shi a tanda mai zafin digiri 103 a ma'aunin Celsius, ana fitarwa ana aunawa har nauyinsa ya daina sauka. In ya fara da giram 120 ya tsaya a 100, an rasa 20. A raba 20 da 100, ruwan jikinsa kashi 20 ke nan, bai isa aiki ba. Kayan ɗaki a yankinmu gara a haɗa su katako yana wajen kashi 8 zuwa 10, tsaka-tsaki tsakanin rani da damina.

Ko an busar da kyau, katako ba ya daina motsi, kuma a faɗi yake motsawa, tsawonsa kusan ba ya canzawa. Saman tebur na maɗaci mai faɗin santimita 60 yana iya ƙaruwa ko raguwa da kusan santimita ɗaya tsakanin Agusta da Janairu. Wanda ya manne shi da gam a kan firam ya bi da ƙusoshi ya hana shi numfashi, ranar da hunturu ya kama sai ya tsage daga baki har tsakiya, wani lokaci ma a zauren baje kolin. Maganin shi ne a riƙe saman da sukuru ta ƙarƙashi, ramin sukurun a ja shi ya yi tsawo ta fuskar faɗin katakon, don ya samu wurin zamewa. Falankin tsakiyar ƙofa ma a bar shi yana yawo cikin kwarminsa, a rage masa milimita 3 zuwa 4 kowane gefe, ba gam. Haɗin ƙafa da sanda kuwa, rami da harshe, wato a huda rami a ƙafar a sassaƙa bakin sandar ya zama harshen da zai shiga ciki, ya fi ƙusa nesa ba kusa ba: kaurin harshen ya zama kashi ɗaya cikin uku na kaurin sandar, ya shiga da matsin hannu da ɗan bugu kaɗan. In sai da guduma ya shiga, zai fasa ƙafar. In yana rawa, gam ba zai cike giɓin ba.

Kowane itace da halinsa. Jijiyar maɗaci a sarƙe take, wata ta yi gabas wata yamma, shi ya sa fuskarsa ke yagewa in wuƙar inji ta dakushe ko an ci da yawa a tashi ɗaya. Kawo yana da nauyi, ba ya yawan motsi, amma yana cin kaifi, kuma sai an huda kafin a ɗaura sukuru. Ƙirya ita ce ta turmi da taɓarya, gara ba ta cika damunta ba. Aduwa masu sassaƙa allo sun san santsinta. Farin gefen kowannensu kuwa abincin ƙwari ne. In ka ga gari yana zuba daga ƙananan huji, to an bar farin gefen a inda bai kamata ba.

Masassaƙi mai shirya akushi daga ɗanyen itace kada ya gama shi a zama ɗaya. Ya fafe shi ya bar kaurin bango kashi ɗaya cikin goma na faɗinsa, wato santimita 3 ga akushi mai faɗin 30, ya binne shi cikin ɓarɓashin sassaƙarsa a buhun takarda na wasu watanni. Zai ɗan murɗe ya zama kamar ƙwai, sannan a sake bin sa da gizago a daidaita.

Gamawa ba ta son gajen haƙuri. Samfefa daga lamba 80 zuwa 120, 180, 220, ana bin jijiya, ba a tsallake lamba. Kafin ta ƙarshe a shafa ɗanyen tsumma, gashin katakon ya miƙe, ya bushe, a goge. Ni a ganina laifi ne a lulluɓe jan maɗaci ko ruwan zuman madobiya da fenti mai duhu a gasar da aka shirya don a ga itacen kansa. Shafi siriri sau uku ya fi mai kauri sau ɗaya. A yi shi da sassafe, a yayyafa ruwa a daɓe saboda ƙura, kuma a shafa ƙasan tebur kamar yadda aka shafa samansa, don gefen da aka bari tsirara shi zai fi shan laima ya kantare katakon.

Ranar kai kaya a naɗe su da bargo, ba leda ba, don leda cikin rana tana tara gumi ta ɓata shafi. A kai su kwana biyu ko uku kafin buɗewa, a ajiye nesa da taga da bakin na'urar sanyaya ɗaki. A ɗan katin da za a jingina a rubuta sunan itacen da Hausa, garin da ya fito, yadda ya faɗi, watannin da ya yi a rumfa, da abin da aka shafa masa.