Jan gwada da shinge

Ruwan daren jiya ya fito da shinge, da gari ya waye tsakar gidanmu duk fukafukai ne a zube. Ina zaune kan tabarma da kofin shayi sai ga jan gwada ya sauko daga katanga, ya tsaya cak a bakin rariya yana gyaɗa kai kamar mai gidan ne ya fito duba aiki. Ba ya yawon nema. Jira yake ƙwaro ya motsa a gabansa, sai ya zabura, ya lakato shi da harshe, ya shiga tauna, ƙafar shingen na leƙowa ta gefen bakinsa. Wanda ya riga ya mutu kuwa, ko kallo bai ishe shi ba. Matan ƙadangarun suna can gindin bango suna tsintar tururuwa ɗaya bayan ɗaya.

Mun saba cewa albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko, amma wajen ci shi ke nema wa kansa: tururuwa, gara, fara, buzuzu. 'Yar shinkafar da ta zube ƙari ce kawai. Babban namiji ma yakan haɗiye ƙaramin ƙadangare in ya samu sarari. Damo a daji ƙadandoniya da dodon koɗi yake bi, guza kuwa ko ƙwan kada ba ta bari. Ni dai tun safe tunanina yana kan maganin ƙwarin da muke fesawa a lungunan gida, don wani kaso nasa a cikin wannan bawan Allah yake ƙarewa.