Daga Kabara zuwa kan Dala

Maukibin Ƙadiriyya ne ya kai ni Kano a watan Rabi'us Sani. Daga Zariya muka taso da sassafe, ni da ɗan ƙanwata mai karatun likita, wanda ya biyo ni don kallo kawai. A Unguwa Uku muka sauka, a-daidaita-sahu ya kai mu Ƙofar Nassarawa, daga nan kuwa sai ƙafa, don mutane sun cinye titi.

Gidan Ƙadiriyya yana Kabara, dab da Gidan Rumfa. Marigayi Shehu Nasiru Kabara, wanda ya rasu a 1996, shi ya kafa wannan fita ta shekara-shekara don tunawa da Shehu Abdulƙadir Jilani na Bagadaza, ana tattaki har maƙabartar Maigiginya. Tutoci kore da ja, 'yan Islamiyya sahu-sahu, ƙura da turare sun gauraya. Amma bandiri shi ne abin. Ba a kunne kake jin sa ba, a ƙirji yake sauka.

Na kutsa cikin wata da'ira ana anfasu, zikirin nan da ake yi da numfashi. Kusa da ni wani dattijo ne, rigarsa ta koɗe, carbinsa ya yi santsi don ja, hawaye na bin gemunsa bai ko share ba. Can tsakiyar zikiri sai hayaniyar ta yi mini nisa. Na ji ana kallona, kallon wanda ya san duk abin da na ɓoye kuma bai kore ni ba. Iyakar abin da baki zai iya faɗa ke nan.

Washegari muka hau Dala, ina haki, yaron yana dariya. A sama na ba shi labari.

"Kawu, ka yi haƙuri," in ji shi, "numfashi ne. In mutum ya yi ta fesar da shi da sauri, iskar da jiki ke fitarwa takan ragu a jini fiye da kima, jijiyoyin ƙwaƙwalwa su tsuke, kai ya yi sakayau. Ga kiɗa, ga rana, ga taro."

Ban musa ba. Na nuna masa Goron Dutse na ce, ku likitoci kun san yadda haske ke shiga ido, amma sanin nan bai ɗauke dutsen daga inda yake ba. Bayanin hanyar da abu ya biyo daban, ko akwai wanda ya aiko shi daban.

Sai ya kawo wadda ta fi nauyi. A kan dutsen nan da muke tsaye, Barbushe yakan shiga wurin Tsumburbura sau ɗaya a shekara, jama'a na ƙasa cikin tsuma suna jiran abin da zai faɗa, tun kafin Wangarawa su iso zamanin Sarki Yaji. Su ma ai sun ji wani abu. 'Yan bori ma suna faɗuwa. To, jin wa za a ɗauka?

Nan na ba shi rabin gaskiya. Jin zuciya ba ya gaya maka sunan wanda ka gamu da shi, shi ya sa malaman ɗariƙa da kansu suke auna kowane hali da Littafi da Sunna. Kuma ba ya zama hujja a kan wanda bai ɗanɗana ba. Alƙur'ani ma da zai yi da masu musu, raƙumi da sama da duwatsu ya ce su duba. Amma jefar da shi gaba ɗaya, wannan ban yarda ba. A garin nan akwai waɗanda bandiri a wurinsu bidi'a ne, amma ka je tahajjud a goman ƙarshe ka ga yadda suke sheshsheƙa. Mutanen da ba sa ga-maciji, ba su haɗa baki ba, suna ba da labari iri ɗaya. Alƙali ma ba ya watsar da irin wannan shaida, yakan dai bincike ta.

"Shaida ce, Kawu, amma mai rauni," ya ce.

Na ce mai rauni a wurinka, da ka tsaya a bakin da'ira kana ɗaukar hoto da waya. Muka sauko muka nufi Kurmi, don uwarsa ta ba da sautun turaren wuta, muna tafe muna musu har cikin 'yan turare.