Watannin da na yi ina auna adalcin na'ura

Lokacin da na sauke bayanan COMPAS, wata manhajar hasashen laifi da wasu kotunan Amurka ke amfani da ita, a kwamfutata, na ɗauka aikin mako biyu ne. Gardama ce tsakanin ɓangarori biyu a kan ko manhajar tana nuna wariyar launin fata, kowa da alƙalumansa, ni kuma na karanta ikonometiriks, wato ilimin auna al'amuran tattalin arziki da zamantakewa da ƙididdiga. A tunanina, in na maimaita lissafin kowane ɓangare zan gano wanda ya yi kuskure, in rubuta, in wuce. Aikin ya ci mini watanni, kuma abin da na rubuta daga ƙarshe ya yi nisa da abin da na yi niyya.

COMPAS manhaja ce da kamfanin Northpointe ya ƙera, wasu kotunan Amurka suna amfani da ita wajen hasashen ko wanda aka kama zai sake komawa ga laifi. Tana ba mutum maki daga 1 zuwa 10, alƙali ya duba yayin da yake shawarar beli ko hukunci. Takardar tambayoyinta tana da tambayoyi 137, babu ɗaya da ta tambayi launin fata. A watan Mayun 2016 'yan jaridar ProPublica suka wallafa binciken da suka yi a kan mutane sama da 7,000 da aka kama a gundumar Broward ta jihar Florida a 2013 da 2014, suka bi sawunsu na shekara biyu. A cikin waɗanda ba a sake kamawa ba, kusan kashi 45 cikin ɗari na baƙaƙen fata manhajar ta ce masu haɗari ne, fararen fata kuwa kusan kashi 23. A cikin waɗanda aka sake kamawa, kusan kashi 48 na fararen fata ta ce ba su da haɗari sosai, baƙaƙe kuma kashi 28. Kamfanin ya mayar da martani cewa makinsa ma'ana ɗaya yake da ita ga kowa: baƙi da fari masu maki 7, yiwuwar a sake kama su kusan ɗaya ce.

ProPublica ta saki bayanan a intanet, kowa na iya ɗauka. Abin da na fara yi shi ne goge sunaye da ranakun haihuwa, domin suna ciki, kuma mutane ne masu iyali da ba su san ina kallonsu ba. Daga nan na maimaita lissafin 'yan jaridar, ya fito daidai. Na maimaita na kamfanin, shi ma ya fito daidai. Kwana uku ina bin umarnin da na rubuta wa kwamfuta layi-layi ina neman inda na kauce, saboda ban yarda ɓangarori biyu masu musu za su kasance da gaskiya a lokaci ɗaya ba.

Malamin da ke duba aikina ne ya raba ni da wahalar. Ya ce, “Rufe kwamfutar, ɗauko takarda.” Muka ƙirƙiri rukuni biyu, kowanne mutum 100, da ma'auni mai maki biyu kacal. Duk wanda aka ba maki na sama, yiwuwar a sake kama shi kashi 60 ce, na ƙasa kuma kashi 20, ko daga wane rukuni ya fito. A rukunin farko mutum 75 suna sama, 25 suna ƙasa. A na biyu 25 suna sama, 75 suna ƙasa. Ya ce in ƙirga waɗanda ba a sake kamawa ba. A rukunin farko su 50 ne, 30 daga cikinsu an lakanta musu haɗari, wato kashi 60. A na biyu su 70 ne, 10 kawai aka lakanta wa, ɗaya cikin bakwai ke nan. Ma'aunin bai yi wa kowa ƙarya ba, amma nauyin kuskurensa ya taru a kan rukuni ɗaya. Na ce, “Malam, to sai a gyara makin.” Ya ce in gwada. Na gwada, da na daidaita kuskuren sai maki na sama ya koma yana nufin abu biyu daban ga rukunan biyu. An gudu gidan gara an faɗa gidan zago.

Wannan shi ne abin da Jon Kleinberg da Sendhil Mullainathan da Manish Raghavan suka tabbatar da hujjar lissafi a 2016, Alexandra Chouldechova ita ma ta kai gare shi a kusan lokaci ɗaya. Matuƙar yawan faruwar abin ya bambanta tsakanin rukunai, kuma hasashen bai zama marar kuskure ba, ba za a iya haɗa waɗannan ma'aunan adalci duka a manhaja ɗaya ba. A bayanan Broward, an sake kama kusan kashi 51 na baƙaƙen fata da kusan kashi 39 na fararen fata. Na taɓa karanta takardun nan kafin in fara, amma sai da na ƙirga da hannuna suka shige ni.

Sai na koma ga sana'ata. Mu masu ikonometiriks, in muka ga giɓi tsakanin rukunai biyu, abin da hannunmu ya saba shi ne rigireshin: a saka shekaru, jinsi, nauyin tuhuma, yawan laifukan baya, a ga abin da ya rage wa launin fata bayan an kwatanta mutane masu kama da juna. Da na saka yawan laifukan baya, giɓin ya ragu, na ji kamar na kama bakin zaren. Na kai wa Malam teburin, ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni wa ke rubuta laifukan baya. Ban amsa nan take ba, domin amsar a fili take. 'Yan sanda ne ke kamawa, kuma suna kama mutane ne a inda aka tura su sintiri. Binciken jama'a a Amurka ya sha nuna cewa baƙaƙe da farare suna shan tabar wiwi kusan daidai, amma rahoton ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta ACLU na 2013 ya gano ana kama baƙaƙe a kanta kusan ninki huɗu. Idan wariya ta bi ta ƙofar kamu ta shigo, ni kuma na cire tasirin kamu daga lissafina, to na share sawunta da hannuna, sannan na sanar cewa ban gan ta ba. Barin abin a waje ma ba mafita ba ce, domin tarihin laifi yana ɗauke da labari na gaske game da mutum. Tun daga ranar, duk abin da zan saka a rigireshin sai na fara rubuta a gefe yadda aka samar da shi da wanda ya samar da shi.

Tambayar Malam ba ta bar ni na yi barci ba, saboda ta taɓa abin da ya fi laifukan baya girma. Gurbin da duk lissafina ya dogara a kansa, wanda nake kira “sake aikata laifi”, shi ma 'yan sanda ne suka cika shi. Washegari na bar taƙaitattun alƙaluma na soma karanta bayanan mutum-mutum. Ga wani an sake kama shi da tuhumar duka. Ga na ƙasansa an kama shi yana tuƙi da lasin da aka dakatar. Kwamfuta ta ba su lamba 1 su duka biyun. Wanda ya yi ɓarna ba a gan shi ba kuma an ba shi 0, ya shiga sahun shiryayyu. Na yi makonni ina muhawara a kan ko na'ura tana hasashen laifi da adalci, alhali abin da ke cikin gurbin kamu ne.

Wannan cuta ba ta kotu kaɗai ba ce. A 2019 Ziad Obermeyer da abokan aikinsa suka wallafa bincike a mujallar Science a kan wata manhaja da ake amfani da ita a asibitocin Amurka wajen zaɓar marasa lafiyan da za a ba kulawa ta musamman. An koya mata hasashen kuɗin da za a kashe wa mutum, a matsayin alamar tsananin ciwonsa. To amma baƙaƙen fata, saboda wahalar samun likita da sauran shingaye, ana kashe musu kuɗi ƙasa da fararen da ciwonsu ya yi daidai da nasu. Manhajar ta yi hasashen kuɗi da kyau, sai baƙaƙe masu ciwo mai tsanani suka riƙa samun maki ɗaya da fararen da suka fi su lafiya. Masu binciken sun lissafa cewa in an gyara, kason baƙaƙe cikin masu samun ƙarin kulawa zai tashi daga kashi 17.7 zuwa 46.5. Wannan takarda ce na fi ƙauna a fagen nan, domin ta nuna lahanin, ta kuma nuna wurin da za a sa hannu a gyara: a sauya abin da aka ce wa na'urar ta hasasa.

Akwai sauran rina a kaba. Wanda alƙali ya hana beli yana tsare, ba mu san abin da zai yi ba da an sake shi. Wanda banki ya hana rance ba shi da tarihin biya. Wanda ba a ɗauka aiki ba babu wanda ya ga ƙwazonsa. Na'ura tana koyo ne daga waɗanda mutane suka riga suka buɗe wa ƙofa, mai bincike ma da su yake auna ta. Gary Becker, wanda littafinsa na 1957 ya assasa nazarin wariya a ilimin tattalin arziki, ya ba da wata dabara mai kyau: a dubi sakamako. In banki yana tsananta wa wani rukuni, waɗanda suka samu rancen da ƙyar daga wannan rukuni za su fi biya, tunda an tace su fiye da kima. John Knowles da Nicola Persico da Petra Todd sun bi wannan hanya a 2001 da bayanan binciken motoci na 'yan sandan jihar Maryland, suka ga yawan samun haramtattun kaya a motocin baƙaƙe da na farare kusan ɗaya ne. Matsalar ita ce dabarar tana magana ne a kan mutumin da ke bakin iyaka, wanda kaɗan ya rage a ƙi shi, mu kuma matsakaicin kowa da kowa muke gani. Na gwada da ƙirƙirarrun alƙaluma a kwamfuta, na gina alƙali mai nuna wariya da gangan, na sauya yadda haɗari ya bazu a rukunan biyu, sai matsakaicin ya wanke shi tas. Ganin wannan ya razana ni fiye da duk abin da na karanta.

Hanyar da ta fi gamsar da ni ita ce ta rabon alƙalai. A wasu kotuna, alƙalin da shari'arka za ta faɗa hannunsa sa'a ce kawai, wani mai sassauci ne, wani mai tsanani. Mutumin da mai tsanani zai tsare, mai sassauci zai sake shi, ta haka ake leƙa abin da waɗanda ke bakin iyaka suke yi in an sake su. David Arnold da Will Dobbie da Crystal Yang sun yi amfani da wannan a kotunan Miami da Philadelphia, a 2018 suka ba da rahoton cewa fararen da aka saki da ƙyar sun fi takwarorinsu baƙaƙe yiwuwar a sake kama su, alamar cewa an fi tsananta wa baƙaƙe. Bayanan da ke hannuna ba su ba ni damar yin irin wannan ba, dole na rubuta haka ƙarara a takardata.

Duk da wannan, ba na cikin masu cewa a watsar da na'urori a koma ga mutane. Marianne Bertrand da Mullainathan sun aika takardun neman aiki kusan 5,000 a Boston da Chicago, suka raba wa takardun sunaye ta hanyar ƙuri'a, masu sunayen da aka saba ji wajen fararen fata suka samu kira fiye da sauran da kusan kashi 50. Mutane ne suka yi wannan, kuma sai da aka yi dabara aka gano su. Na'ura kuwa kana iya yi mata tambaya ɗaya sau dubu, ka sauya abu guda ka ga yadda amsarta ta motsa, in masu ita sun yarda a duba. A nan ne raina yake ɓaci, domin sau da yawa ana ɓoye yadda take aiki da sunan sirrin kasuwanci, alhali 'yancin mutum ake yankewa da ita. Julia Dressel da Hany Farid sun nuna a 2018 cewa lissafi mai sauƙi da ya dogara da shekaru da yawan laifukan baya kawai yana kusan kamo COMPAS wajen dacewar hasashe. Na gwada da kaina, na ga haka ne.

Takardar da na miƙa ba ta ce manhajar tana da adalci ko ba ta da shi ba. Ta jera ma'aunai uku, ta nuna rukunin da ke ɗaukar nauyin kuskure a ƙarƙashin kowanne, ta kuma bayyana cewa zaɓi tsakanin tsare wanda ba zai yi komai ba da sakin wanda zai cutar da wani hukunci ne na 'yan majalisa da alƙalai da jama'ar da abin ya shafa. Na bi shafukan ɗaya bayan ɗaya na sauya “sake aikata laifi” zuwa “sake kamawa”. Malam ya karanta, ya ja layi a ƙarƙashin sashen da na lissafa abin da bayanan ba za su iya nunawa ba, ya ce in dawo da shi gaba da teburan. Yanzu ina neman izinin samun bayanan wata kotu da ke rubuta alƙalin da ya saurari kowace buƙatar beli, an ce in jira kwamitinsu ya zauna.